Furotin ɗin HSP: mu suke karewa ko cuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina karatun kimiyyar lafiya ne, kuma akwai abin da ya ɗaure min kai game da furotin ɗin nan da ƙwayoyin halitta ke ƙerawa idan zafi ya buge su, waɗanda ake taƙaita sunansu da HSP. A wani wuri na karanta cewa su ne ke kare ƙwaƙwalwa da zuciya, a wani wurin kuma aka ce su ne ke raya ciwon daji, har ana neman maganin da zai toshe su. To wanne ne gaskiya? Sannan masu cewa shiga sauna, wato ɗakin da ake ɗumamawa sosai domin a yi gumi, yana ƙara su a jiki, shi ya sa yake tsawaita kwana, suna da hujja?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba su ci karo da juna ba. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, waɗannan furotin ba lafiyar mutum suka sani ba. Aikinsu ɗaya ne, su hana sauran furotin da ke cikin ƙwayar da suke zaune lalacewa. Ko ƙwayar ta zuciyarka ce, ko ta kansa ce, wato ciwon daji, ko ta cutar maleriya ce da ta shiga jininka, aikin dai shi ne. Tamkar makaniki ne da ke gyara duk motar da aka turo masa, ba ya tambayar ko ta ɗaukar marasa lafiya ce ko ta 'yan fashi. Idan ka gane yadda suke gyaran, sauran zai warware da kansa.

Kowane furotin yana fitowa ne daga ribosom, injin ƙera furotin na cikin ƙwaya, a matsayin doguwar sarƙa ta amino asid, ɗaruruwa a jere. Sarƙar a miƙe ba ta tsinana komai. Sai ta naɗe ta ɗauki siffarta ta musamman, lungu a nan, tudu a can, sannan ta zama inzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, ko ƙofa a jikin tantanin ƙwaya, ko zaren tsoka. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Christian Anfinsen, ya nuna cewa jerin amino asid ɗin kansa ya isa ya faɗa wa sarƙar yadda za ta naɗe. Ya warware wani ƙaramin inzayim a kwalbar gwaji, ya janye sinadarin da ya warware shi, inzayim ɗin ya koma siffarsa shi kaɗai ya ci gaba da aiki. A kan wannan ya samu kyautar Nobel a 1972, kuma mutane da yawa suka ɗauka an gama magana, furotin ba ya bukatar mataimaki.

Amma kwalba daban, cikin ƙwaya daban. A kwalba furotin yana iyo ne cikin ruwa, babu mai gogarsa. Cikin ƙwaya kuwa cunkoso ne, giram 300 zuwa 400 na manyan sinadarai a kowace lita. Ga kuma inda gizo ke saƙar: wasu amino asid ba sa shiri da ruwa, ɗabi'arsu ta maiƙo ce. A furotin da ya naɗe daidai, waɗannan suna ɓoye ne a can ciki. Wanda bai gama naɗewa ba, ko ya fara warwarewa, sai wuraren maiƙon su fito fili, kuma da zarar sun taɓa irinsu a jikin maƙwabci sai su manne. Biyu su zama goma, goma su zama curi. Curin nan ba asarar furotin kaɗai ba ne, guba ne, domin yana janyo wasu masu lafiya ya haɗiye su. Ƙarfin da ke riƙe siffar furotin kuwa ba wani mai yawa ba ne, ƙarin digiri huɗu ko biyar a kan abin da halitta ta saba ya isa ya fara sassauta wasu. Barasa ma tana yin haka, da ƙarafa masu guba irin su kadmiyom, da ƙarancin iskar oksijin, da kumburi, da motsa jiki mai tsanani.

Gano su ma da aka yi, hannun wani ne ya zame. A 1962 wani masanin gado ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, yana nazarin kuromosom, wato ƙunshin DNA, da ke cikin ƙullin yawu na tsutsar ƙudan 'ya'yan itace. Kuromosom na wannan wuri manya ne ƙwarai, kuma duk inda ake karanta umarnin DNA sai wurin ya kumbura har a gan shi da madubin gwaji. Wani abokin aikinsa ya murɗa ma'aunin akwatin ɗumin da tsutsotsin ke ciki, shi bai sani ba. Da ya duba sai ya ga kumburi a wuraren da bai taɓa gani ba. Ya maimaita da gangan, daga digiri 25 zuwa 30, abin ya sake fitowa. A rahoton nan na farko ya kuma nuna cewa wani sinadari mai guba, DNP, yana kawo kumburi iri ɗaya ko babu zafi. Sai a 1974 Alfred Tissières da abokan aikinsa a Kalifoniya suka ga furotin ɗin kansu: an ɗumama ƙuda, ƙwayoyinsa suka dakatar da ƙera yawancin furotin na yau da kullum, suka koma kan wasu 'yan kaɗan gadan-gadan. Daga baya aka tarar da su a bakteriya, da yis, da tsirrai, da mutum. Hsp70 na mutum da na bakteriyar E. coli, kusan rabin jerin amino asid ɗinsu iri ɗaya ne, duk da nisan da ke tsakanin halittun biyu. Abu ba ya tsayawa haka bai sauya ba sai idan taɓa shi halaka ce.

Lambobin da kake gani, 27, 40, 60, 70, 90, nauyinsu ne a ma'aunin kilodalton, ba wani abu ba. Kuma kada ka ɗauka sai an shiga matsi suke fitowa. Da yawansu suna bakin aiki kullum. Hsp90 kaɗai ya kai kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na dukkan furotin ɗin ƙwayar da ke zaune lafiya. Shi ya sa ake kiransu 'yan rakiya, suna raka sabon furotin daga haihuwarsa har ya tsaya da ƙafarsa.

Bari mu dubi Hsp70 da kyau, domin shi ne ginshiƙin. Sassa biyu gare shi. Ɗaya yana riƙe ATP, wato makamashin ƙwaya. Ɗayan yana da tsaga da murfi a kanta. Tsagar ba ta kama furotin gaba ɗaya, ɗan guntun wuri take kamawa, amino asid biyar zuwa bakwai masu maiƙo, daidai irin wurin da bai kamata a gan shi a waje ba. Hsp40 ne ke fara hango furotin da ya shiga matsala, ya kawo shi bakin tsagar, ya zuga Hsp70 ya ƙona ATP ɗinsa. Yana ƙonawa murfin ya rufe gam. Yanzu wurin maiƙon yana ɓoye, ba zai manne da kowa ba. Sai wani mataimakin ya zo ya cire ragowar makamashin da aka ƙona, sabon ATP ya shiga, murfin ya buɗe, a saki furotin. Idan ya naɗe daidai, shi ke nan, maiƙonsa ya shige ciki, babu abin kamawa. Idan bai naɗe ba, a sake cafke shi. Haka za a yi ta yi. Lura da kyau, Hsp70 bai gaya masa siffar da zai ɗauka ba, hana shi mannewa da wani kawai ya yi har ya samu dama. Ke nan Anfinsen bai yi kuskure ba, cunkoson ne bai shiga lissafinsa ba.

Hsp60 kuwa wata dabara ce daban. Ulrich Hartl da Arthur Horwich ne suka nuna aikinsa a mitokondiriya, sashen ƙwaya mai samar da makamashi, a 1989, kuma suka samu kyautar Lasker a 2011. Na bakteriya, GroEL, shi aka fi sani: zobba biyu ne ɗaya a kan ɗaya, kowanne da gaɓoɓi bakwai, tsakiyarsu rami. Furotin da ya kasa naɗewa sai ya faɗa ramin, murfi mai suna GroES ya rufe, ya samu kimanin daƙiƙa 10 shi kaɗai babu maƙwabci, sannan a buɗe a fitar da shi. Ƙananan cikinsu, irin Hsp27, ba sa amfani da ATP, riƙewa kawai suke yi har manya su samu sarari. Idan curi ya riga ya haɗu, yis da bakteriya da tsirrai suna da injin da ke zaro sarƙa ɗaya-ɗaya daga cikinsa, Hsp104 a yis. Mu ba mu da shi a ruwan ƙwayoyinmu, Hsp70 da Hsp40 da Hsp110 ne ke haɗa ƙarfi su yi wannan aiki. Wanda kuma ya ƙi gyaruwa, wani furotin mai suna CHIP sai ya liƙa masa tambarin yubikwitin, alamar a zubar, a kai shi furotiyasom, injin niƙe furotin, a niƙe.

Yadda ƙwaya ke sanin lokacin da za ta ƙara su shi ne wurin da ya fi burge ni, kuma ka riƙe shi domin zai dawo a maganar kansa. Akwai wani furotin mai kunna umarnin DNA, sunansa HSF1. A zaman lafiya Hsp70 da Hsp90 suna riƙe da shi, ba ya motsi. Da zarar furotin masu warwarewa sun yi yawa, 'yan rakiyar sai su sake shi su tafi inda aiki ya fi gaggawa. HSF1 yana samun kansa sai ya haɗu uku-uku, ya zauna a kan DNA, ya kunna ƙera sababbin HSP cikin mintoci. Idan sun yawaita sun gama gyara, rarar sai ta dawo ta sake kama shi, abin ya lafa. Ka ga ƙwaya ba zafi take aunawa ba, yawan aikin da ya fi ƙarfin ma'aikata take aunawa.

Ana ganin amfanin wannan a gwaji mai sauƙi. Ɗauki yis da ya girma a digiri 25, ka jefa shi digiri 50 kai tsaye, kusan duka zai mutu. Ɗauki ɗan'uwansa, ka fara ajiye shi a digiri 37 na rabin sa'a, sannan ka kai shi 50, waɗanda za su tsira sun ninka na farko sau ɗaruruwa. Ɗakin binciken Susan Lindquist ya nuna a 1990 cewa idan ka cire Hsp104 wannan juriya tana rushewa. Ita dai Lindquist, wadda ta rasu a 2016, ita ce ta nuna a 1998 cewa idan aka rage ƙarfin Hsp90 a ƙudan 'ya'yan itace, sai naƙasu iri-iri su ɓullo a ido da fiffike da ƙafa. Tangarɗar gadon tana nan tun da can, Hsp90 ne ke rufa mata asiri ta hanyar tallafar furotin masu rauni. Wannan rufa asiri ma ka ajiye shi a zuciyarka.

To yanzu cuta. Misalin da ya fi kowanne fitowa fili yana cikin idonka. Ƙwayoyin da ke tsakiyar gilashin ido suna zubar da cibiyarsu da ribosom ɗinsu domin haske ya wuce ba tare da cikas ba. Ma'ana ba za su sake ƙera furotin ba har abada. Wanda aka haife ka da shi, shi ne za ka kai tsufa da shi. Babban kaso na furotin ɗin wurin shi ne alfa-kiristalin, kuma a 1992 Joseph Horwitz ya nuna cewa ɗan rakiya ne daga dangin ƙananan HSP. Duk furotin da hasken rana ko shekaru suka lalata, sai ya kama shi ya riƙe. Amma babu wanda zai karɓa daga hannunsa, kuma babu sabo da ke zuwa. Kowace shekara hannayen da ke sake suna raguwa. Wajen shekara 40 zuwa sama sun kusa ƙarewa a tsakiyar gilashin, daga nan curi ya fara taruwa, haske ya fara warwatsewa. Wannan yana daga cikin manyan dalilan yanar ido ta tsufa. Akwai iyalan da suka gaji tangarɗa a ɗaya daga cikin waɗannan kiristalin, suna samun yanar ido da wuri tare da raunin tsoka da ciwon zuciya, domin furotin ɗin yana aiki a tsoka ma. Tangarɗa a Hsp27 kuma tana kawo wani nau'in lalacewar jijiyoyin ƙafa da hannu da ake gada.

Ƙwaƙwalwa tana da irin wannan matsala ta wata fuskar. Ƙwayar jijiya ba ta rabuwa, don haka ba ta da damar raba dattinta biyu kamar yadda ƙwayar fata ko ta hanji ke yi, kuma za ta rayu shekara 70 ko 80. Da yawa daga cikin cututtukan da ke addabarta na curin furotin ne: amiloyid da tau a cutar Alzheimer, alfa-sinukilin a cutar Parkinson, furotin mai doguwar jelar gulutamin a cutar Huntington. Idan aka yanka ƙwaƙwalwar mai Parkinson aka duba curin, za a tarar da Hsp70 da 'yan'uwansa a maƙale a ciki, sun je gyara an haɗiye su. Nan ne abin ke zama zagaye: curi yana cinye 'yan rakiya, ƙarancinsu yana sa wasu furotin su lalace, curi ya ƙaru. Ga shi kuma martanin HSF1 yana yin sanyi da shekaru, wasu jijiyoyin ma, irin masu motsa tsoka, tun asali da wuya suke kunna shi. A 1999 ɗakin binciken Nancy Bonini a Amurka ya ƙara Hsp70 a ƙudan da aka sa wa furotin mai jelar gulutamin, lalacewar jijiyoyin ta ragu sosai, a 2002 kuma suka ga irin haka da alfa-sinukilin. Sai dai daga ƙuda zuwa mutum tafiya ce mai nisa. Maganin arimokulomol, wanda aka yi domin ya tsawaita aikin HSF1, ya faɗi a babban gwajin da aka yi kan masu cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyi masu motsa tsoka, a 2021. A 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, amma ga wata cutar gado ce da ba kasafai ake samunta ba, Niemann-Pick nau'in C, kuma a haɗe da wani maganin.

Wani lokaci kuma ba gazawa ce matsalar ba, tsanani ne. A cutar gado mai suna sistik faiburosis, tangarɗar da ta fi yawa ita ce rashin amino asid ɗaya tak, na 508, a wani furotin da ke zama ƙofar sinadarin kulorayid a huhu da hanji. Furotin ɗin yana naɗewa a karkace, amma da zai isa tantanin ƙwaya da ya ɗan yi aiki. Hsp70 da CHIP ba sa barinsa, kusan duka suke aikawa a niƙe. Magungunan da suka sauya rayuwar masu wannan cuta, musamman haɗin guda uku da aka amince da shi a 2019, biyu daga cikinsu tallafar naɗin suke yi har ya tsallake masu tantancewa.

Yanzu ga kansa, inda ka fi rikicewa. Ka yi tunanin halin da ƙwayar kansa take ciki. Tana ƙera furotin da gudu fiye da kima. Tana zaune a ƙari da jini ba ya isarsa sosai, ga ƙarancin oksijin, ga tsami. Sau da yawa adadin kuromosom ɗinta ya rikice, wasu furotin sun yi yawa, abokan haɗinsu sun yi kaɗan. Uwa uba, furotin ɗin da ke tuƙa ta su kansu masu tangarɗa ne, siffarsu ba ta da ƙarfi. Ƙwaya mai lafiya da ta shiga irin wannan hali kashe kanta take yi, akwai tsari na musamman domin haka. Ita kuwa ta kansa sai ta kunna HSF1 ta bar shi a kunne. Hsp90 ya rungumi furotin masu tuƙa cutar ya hana su rushewa, irin su HER2 a wani nau'in kansar mama, da BCR-ABL a wani nau'in kansar jini, da BRAF mai tangarɗa a kansar fata. Wato rufa asirin nan da Lindquist ta gani a ƙuda, shi ne a nan. Hsp70 da Hsp27 kuma suna tare hanyar kashe kai, shi ya sa yawansu a ƙari yakan tafi tare da ƙin jin magani. A 2007 aka ɗauki ɓerayen da aka cire musu HSF1 aka shafa musu sinadaran da ke jawo kansar fata, ƙarin da ya fito musu bai kai ko kusa da na 'yan'uwansu masu shi ba.

A takarda, toshe Hsp90 dabara ce mai kyau ƙwarai, domin da bugu ɗaya za ka kayar da furotin masu yawa da kansar ta dogara da su. Maganin ma ya samu da wuri. Jeldanamaisin, wanda wata bakteriyar ƙasa ke fitarwa, an gano a 1994 cewa Hsp90 yake kamawa, daga baya aka ga yana zama ne daidai a gurbin ATP. Ya yi wa hanta illa da yawa, aka gyara shi aka samu 17-AAG, wanda aka fara gwadawa a mutane a 1999. Bayansa magunguna fiye da goma sun shiga gwaji, yawancinsu haƙa bai cim ma ruwa ba. Wasu hanta, wasu ido suka taɓa, marasa lafiya suka riƙa kukan dishi-dishi da rashin gani da dare. Amma akwai dalili na uku da ya kamata ka iya hangowa da kanka daga abin da na faɗa a baya. Idan ka toshe Hsp90, wa ka saki? HSF1. Shi kuma ya kunna Hsp70 da Hsp27, masu hana ƙwaya mutuwa. Maganin da kansa ke tayar da kariyar da za ta yaƙe shi. Sai a 2022 ƙasar Japan ta amince da guda ɗaya, fimitesfib, ga wani nau'in ƙari na ciki da hanji bayan sauran magunguna sun gaza. A ganina darasin shekarun nan shi ne, an yi gaggawar ɗaukar cewa ƙwayar kansa ta fi mai lafiya bukatar Hsp90 da tazara mai faɗi. Tazarar tana nan, amma siririya ce, shi ya sa bincike ya karkata ga toshe nau'i ɗaya daga cikin dangin, ko yanke alaƙarsa da mataimaki guda, maimakon kashe shi gaba ɗaya.

Ƙwayar cutar maleriya ma da su take rayuwa. Tana fitowa daga jikin sauro mai sanyi ta faɗa jinin mutum mai digiri 37, sannan zazzaɓin da ita ta jawo ya riƙa kai ta 40 ko 41. Kimanin kashi 2 cikin ɗari na ƙwayoyin gadonta na 'yan rakiya ne. Ɗaya daga cikinsu, HSP101, aikinsa ya warware furotin ɗin cutar ya zura su ta wata ƙofa zuwa cikin jar ƙwayar jinin da ta shiga. Waɗannan furotin su ne ke sa jar ƙwayar ta yi danƙo ta maƙale a bangon jijiyar jini, kada ta kai ga saifa a tace ta. A gwaje-gwajen 2014, da aka dakatar da HSP101 sai cutar ta kasa girma. A ɗaya ɓangaren kuma, zazzaɓin yana yi wa garkuwar jikinka amfani ta hanyar dangin furotin ɗin dai. Wani bincike da aka yi a Shanghai a 2019 kan ɓeraye ya nuna zafin zazzaɓi yana ƙara Hsp90 a fararen ƙwayoyin jini na T, abin da ke taimaka musu su manne a bangon jijiya su ratsa zuwa inda cuta take.

Maganar zuciya gajeriya ce. A 1988 a Kanada aka ɗumama ɓeraye zuwa digiri 42 na minti 15, bayan kwana ɗaya aka tsayar da jini daga zukatansu na wani lokaci, suka farfaɗo fiye da na waɗanda ba a ɗumama ba. A 1995 ɓerayen da aka ƙara musu Hsp70 ta hanyar gado suka nuna irin wannan kariya. Wannan a cikin ƙwaya ke nan. Idan suka zubo waje kuwa, daga ƙwayar da ta fashe, garkuwar jiki tana ɗaukarsu alamar haɗari. Kuma saboda Hsp60 na mutum ya yi kama da na bakteriya, makaman da jiki ya ƙera domin na bakteriya suna iya juyowa kan namu, an kuma ga yawan waɗannan makamai yana tafiya tare da toshewar jijiyoyin jini.

Sauna kuwa, binciken da ake yawan kafa hujja da shi na ƙasar Finlan ne, an buga shi a 2015. An bi maza 2,315 masu matsakaicin shekaru na kimanin shekara 20, aka ga masu shiga sau 4 zuwa 7 a mako sun fi masu shiga sau ɗaya ƙarancin mutuwar fuju'a ta zuciya. Sakamako ne mai ɗaukar hankali, amma binciken bai auna HSP ba. Kallo aka yi, ba raba mutane aka yi aka ce waɗannan su shiga waɗannan kada su shiga ba, kuma wanda ke iya jure sauna kusan kullum mai yiwuwa ne dama ya fi lafiya. Sannan zafi yana buɗe jijiyoyin jini, yana ɗaga bugun zuciya, yana sauke hawan jini, kowanne daga cikinsu zai iya bayyana abin ba tare da an ambaci HSP ba. Gaskiya ne idan zafin cikin jiki ya tashi sosai ana ganin Hsp70 ya ƙaru, kuma motsa jiki yana ƙara shi a tsoka, wannan an auna shi sau da yawa. Haka sabawa da zafi da ma'aikata da 'yan wasa ke yi cikin mako ɗaya zuwa biyu, ƙarin Hsp70 yana cikinta, tare da ƙaruwar ruwan jini da saurin fitar gumi. Amma kariyar tana da iyaka. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 mutum ya fara ruɗewa, wannan bugun zafi ne, furotin suna lalacewa fiye da yadda za a iya gyarawa, hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa suna cikin haɗari, kuma sanyaya jiki nan take da zuwa asibiti ne magani. Mai ciwon zuciyar da bai daidaita ba, da mai saukar jini, da mai juna biyu, su tuntuɓi likita kafin su shiga sauna, kuma kada kowa ya haɗa ta da barasa.